Daddawar da Na Kai Makka

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya shigo yi mini barka da sauka, kafin ya gama shan zamzam ɗin da aka tsiyaya masa sai ya gyara zama ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne kin ci abincin Sinawa?" Wata ma har da toshe hanci take tambaya. To na gaji da maimaitawa, maƙogwarona ya bushe. Shi ya sa na zaunar da ƙanena Tanko, wanda muka tafi tare, na ce ya rubuta yadda na faɗa, ba yadda ya ga dama ba. Wanda ya ƙara tambayata a karanta masa, ni in koma kan tukunyar alalata.

Ba aikin hajji kaɗai ya fitar da ni daga Kura ba. Allah ya sani, ɗana na je ɗaukowa. Ɗan fari ne, don haka kada ku jira in kira sunansa. Tun da na haife shi "kai" ne, ko "yaron nan". A ɗakin kakarsa ya tashi, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa cin abinci yana kallo ba. Haka na ga ana yi, haka na yi. Gemu bai fito masa ba ya bi masu tafiya Gabas a ƙasa, yana tsayawa aikin auduga a Sudan yana ƙara gaba, har labarinsa ya ɗauke. Mahaifinsa ya rasu bai dawo ba. Ramin marinar gidanmu ya cika da shara saboda babu mai riƙe shi. Kwatsam sai wani alhaji na unguwarmu ya dawo ya ce ya gan shi da idonsa a Makka, lafiya lau har da ƙiba, yana aiki a gidan abincin wani mutumin ƙasar Sin, kuma wai ya auri 'yar maigidan.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in manta abin da na tashi yi. Na sayar da awakina, na ce wa Tanko ya shirya. Sannan na samu daddawa mai kyau, wadda ta ji rana, na cika 'yar tukunya da ita, na ɗaure bakin da fata, na haɗa da kuka da yaji. Dabarata ke nan, kuma a lokacin gani nake babu wadda ta fi ta: in na isa in yi masa tuwo da miyar kuka irin ta gidan ubansa, in ya kai loma ɗaya baki, shi da kansa zai ɗaure kayansa.

Daga Kano muka hau akori-kura zuwa Yerwa, a kan buhunan goro. Direban wani Babarbare ne mai son waƙa, in ya shiga rami sai ya leƙo ya ce, "Alhazai, a yi haƙuri, lada ake ƙara muku." Na ce masa in lada a ƙugu ake tara shi, to nawa ya ishe ni. Daga can muka ƙetare kogi zuwa Fallomi, ƙasar Faransa, inda burodi yake da tsawo kamar muciya, ga tauri, sai an tsoma a shayi yake ciyuwa. Bayan Abashe mota ta shiga cin yashi. Ta kafe mu sauka, maza su shimfiɗa mata kwano a ƙarƙashin taya su tura, ta ɗan matsa ta sake kafewa. Ni ko tukunyata tana cinya, ko alwala zan yi sai na damƙa wa Tanko ita, ina harararsa har in dawo.

A kan iyakar Sudan, wajen Jinaina, aka yi mana allura aka ce kowa ya kwance kayansa. Wani ma'aikaci dogo mai farin rawani ya zo kan tukunyata ya sa aka buɗe. Bawan Allah nan ya sunkuya ya shaƙa, sai ya yi baya yana tari, yana kiran 'yan'uwansa da Larabci. Tanko, da ɗan Larabcinsa na allo, ya ce mini, "Yaya, cewa yake wani abu ya mutu a ciki."

Na ce, "Gaya masa ubansa ne ya... a'a, kar ka gaya masa haka. Ce masa magani ne."

"Maganin me zan ce?"

"Maganin mantuwa."

Mutumin ya yi dariya har rawaninsa na rawa, ya ce in ɗauke abata in yi nesa da shi.

A Jinainar nan muka kwana gidan wani dattijo Bakatsine mai sayar da tsire, shi ne ya fara tayar mini da hankali. Gashinsa fari fat, jikokinsa sun cika tsakar gida, babu mai jin Hausa sosai a cikinsu. Na ce, "Baba, yaushe ka yi naka aikin hajjin?" Ya ce ai bai ƙarasa ba tukuna, a hanya yake. Tun yana saurayi ya baro Katsina, ya tsaya nan ya ɗan huta. Na ce to gida fa? Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Baɗi, in Allah ya yarda." Matarsa ta kawo mana kisira, wata waina ce faffaɗa, siririya, mai tsami, da miyar kuɓewa busasshiya. Abincin ba laifi, amma ya ƙi wuce mini. Ina kallon tsohon ina ganin yaron nan nan da shekaru, yana ce wa baƙi baɗi.

Daga nan na zama masifa a ayari, na yarda. A Fashir na yi faɗa da direba don ya tsaya gyaran taya. A Ubayyid, inda muka hau jirgin ƙasa, na yi faɗa da mai sayar da tikiti duk da ba ya jin abin da nake faɗa. A Suwakin, bakin teku, aka tsare mu a wurin da suke kira karantina, wai sai an tabbatar ba mu ɗauko ciwo ba, na yi ta zagaya shingen kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Jirgin ruwa ne kaɗai ya rufe mini baki. Wayyo, jirgin ruwa! Ƙasa ce take tafiya a ƙarƙashin mutum, hanjinsa na bin ta. Wata Bazazzagiya da ke kusa da ni ta yi wasiyya sau ba adadi kafin mu ga Jidda, da muka sauka kuma ita ta fara tambayar inda ake sayar da abinci.

A Makka an saukar da mu Hindawiyya, unguwar da 'yan'uwanmu suka yi yawa. Can duk baƙin mutum irinmu Takari suke ce masa. Mai masaukinmu Hajiya Kubura ce, a can aka haife ta, kakanninta mutanen Sakkwato. Hausarta rabi da rabi ce, sai ka kasa kunne. Da na kwatanta mata yaron nan ta tafa hannu ta ce, "Aiwa! Takarin gidan Sini? Kowa ya san shi, ya Hajja. Walad ɗayyib ne, yaron kirki. Ai matarsa ma ta haihu, namiji."

Ta haihu. Babu wanda ya gaya mini wannan. Na nemi wuri na zauna a kan ƙullin kayana.

Washegari da hantsi ya zo. Na ji sallamarsa daga ƙofa na gane muryar, ta yi kauri amma ita ce. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, sannu da hanya." Ni kuwa na juya fuska bango kamar yadda ya kamata, na ce wa Tanko, "Ka ce masa mun same su lafiya?" Da wutsiyar ido na gan shi. Ya yi faɗi, ya yi gemu, a hannunsa akwai tabon ƙuna. Ya yi kuka da aka yi masa gaisuwar mahaifinsa. Bai daɗe ba ya ce sai ya koma, lokacin alhazai ne, ba sa sauke tukunya.

Ban samu yi masa miyar ba. Kwanakin aiki suka zo, muka fita Mina, muka tsaya Arfa. Na yi addu'a iyakar iyawata, amma gaskiya ko a Muzdalifa, ina tsintar tsakuwar jifa, lissafin yadda zan raba shi da garin nan nake yi. Allah ya yafe mini. Da muka dawo shi ma bai samu kansa ba, ni kuma ban taka gidan surukansa ba. Ina uwar miji za ta kwashi ƙafa ta je gidan surukai ba a aiko ba? Ana nan sai jagoranmu ya ce motar Jidda za ta tashi jibi bayan la'asar, wanda ya makara jirgi ya bar shi.

Da yammacin ranar sai ga yaron nan. Ya durƙusa inda ya saba, ya ce wa Tanko, da ƙarfi don in ji, "Kawu, jibi jaririn zai cika wata. A al'adarsu ranar ake walima, dangi duka su ci tare bayan azahar. Suna roƙon Inna ta zo."

Na ce wa bango, "A kawo mini nawa nan, na sa albarka."

Sai ya ce, "Kawu, ba haka ba ne. Surukina ya ba ni 'yarsa ba ni da kowa a garin nan, 'yan'uwansa na garin Ɗa'ifa suna ta yi masa surutu. Yanzu sun ce ga uwata ta zo ta kusa tafiya, ba ta leƙa matar ba, ba ta leƙa ɗan ba, ashe dangina ba sa son ta. A wurinsu matar ɗa tana miƙa wa uwar miji shayi da hannu biyu. In ta karɓa ta sha, ta ci abinci tare da su, ta zama 'yarta. In ba ta karɓa ba, to ta ƙi ta a gaban kowa. Tsohon ya ce ba zai bar 'yarsa inda ba a son ta ba. Zai nemi in sawwaƙe mata, su tafi da ita Ɗa'ifa."

Tanko ya ce, "Haba! Ka gaya musu kunya ce mana. Yaya ta ci abinci gaban surukai? Maza da mata a haɗe? Kai ma kana zaune?"

"Na gaya musu, Kawu. Ba su gane ba. Sun ce wace irin kunya ce za ta hana uwa cin abinci da ɗanta?"

Ku saurara da kyau, don nan ne gaɓar. Da ya fita sai na ji wani sanyi a raina. Ashe ba sai na dafa komai ba. In je, in zauna, in riƙe kunyata kamar kowace 'yar mutunci, shi ke nan. Ban zagi kowa ba, ban ce a saki kowa ba. Aure ya mutu da kansa, yaron nan ya biyo ni ko ya biyo ayarin baya, a kwashe sharar ramin marina. Duk Kura babu wanda zai ce na yi laifi.

Ranar walima muka ɗaure kaya tun da safe muka jibge a bakin titi inda mota za ta tsaya, ba nisa da gidan abincin. Tukunyar daddawa kaɗai na riƙe, don ban yarda da kowa a kanta ba. Hajiya Kubura ta raka mu don ta yi tafinta, tana ta "Yalla, yalla" a gaba.

Gidan abincin ba irin rumfunan da muka saba gani ba ne. Bene ne, da dardumai tun daga matakala, manyan attajirai da alhazan Jawa da na Sin ke cin abinci a can. Ranar an rufe shi saboda walima. Maigidan, Alhaji Isma'ila, gajere ne, gemunsa 'yan silalla, goshinsa da tabon salla. Daga wani birnin bakin teku ya fito mai suna Kantan, yaƙi ya koro su. Ya tare mu da sallama tsaf kamar limami. Tanko bai tsaya kunya ba ya sa aka tambaye shi wane nama ne, don a hanya an cika mana kunne cewa Sinawa har maciji suke ci. Tsohon ya yi murmushi ya ce kakanninsa sun yi salla kafin a haifi kakan kakan Tanko, naman kuma na rago ne, shi ya yanka da hannunsa.

Aka kai mu ɗakin sama. Jajayen fitilun takarda a rataye, ga wani tebur da'ira, babu gaba babu baya, an kewaye shi da kujeru. Maza da matansu da tsofaffi da 'yan Ɗa'ifar nan masu ɗaure fuska, duk a wuri ɗaya. Aka ja mini kujerar da ke fuskantar ƙofa, Kubura ta raɗa mini cewa ta babban baƙo ce. Ni da na saba cin tuwona a ƙuryar ɗaki! Na zauna a bakin kujera, na ajiye tukunyata tsakanin ƙafafu, na cusa hannuwa cikin mayafi. Yaron nan yana can ɗaya gefen, ido a ƙasa.

Aka fara da ƙwai da aka rina ja, wai na murnar haihuwa ne. Sai aka shiga shigo da wasu 'yan kwanduna na gora masu murfi, an ɗora wani kan wani, tururi na fita. Madambaci ne dai, amma ƙanana, kowanne bai fi faifai ba. A buɗe wannan a ga 'yan ƙulle-ƙulle farare guda uku ko huɗu, fatarsu ta garin alkama, siririya har ana hango jatan landen da ke ciki. A buɗe wancan a ga wani kamar burodi mai laushi, cikinsa naman rago. Wani shinkafa ce mai danƙo an naɗe ta a ganye, yadda nake naɗe alala. Ba sa kawo abinci gaba ɗaya a ci a tashi. Kaɗan-kaɗan ne, ana ci ana hira ana shan shayi, kwando na fita wani na shigowa. Da tsinkaye biyu suke ɗauka, ba sa sa hannu. In aka zuba wa mutum shayi sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu, wai godiya ke nan.

Tanko, rubuta wannan, kar ka tsallake. Tanko ya gwada tsinkayen, ƙullin ya suɓuce ya faɗa cikin shayin wani dattijon Ɗa'ifa. Daga nan ya ajiye su ya sa hannu, bai ƙara ɗaga kai ba sai don ya leƙa taga ya ga inda rana take.

Ni ban motsa ba. Duk kwandon da ya shigo gabana ake fara ajiye shi. Alhaji Isma'ila da kansa ya ɗauko ɗaya ya sa a 'yar tasar tangaran da ke gabana. Na dubi gefe. Ya ƙara wani. Tasa ta cika, tururin ya daina tashi. Hira ta fara raguwa, 'yan Ɗa'ifa suna duban juna. Kubura ta zungure ni ta ce, "Ya Hajja, aibu ne fa, ko ɗaya ki ci." Na ce mata ta bar ni. Cikina kuwa kuka yake, kunnena yana titi ko zan ji ƙahon mota.

Sai aka buɗe wani kwando, wani ƙamshi ya doki hancina. Na dubi tukunyata da sauri, na zaci fatar ce ta kwance. A ɗaure take. Na leƙa kwandon: ƙafar kaza ce, jama'a, ƙafar kaza da muke jefa wa yara, an dafa ta luguf da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a kai. Na ce Kubura ta tambaya mini mene ne baƙin nan. Aka ce wake ne da suke rufewa ya ruɓa, su shanya, su sa a miya. Daddawa ke nan! Na ratso ƙasa uku da teku ina faɗa da mutane a kan abin da yaron nan yake ci kullum a gidan nan.

Ina cikin wannan sai uwar matar, wata 'yar tsohuwa mai ƙananan idanu da ke kusa da yaron nan, ta lura bai ci komai ba. Ta ɗauki ƙulli ɗaya da tsinkayenta ta sa masa a tasa, ta dafa kafaɗarsa, ta kira sunansa. Sunan nan da aka raɗa masa a tsakar gidanmu ina ɗaki ina ji. A bakinta ya ɗan karkace, amma shi ne. Ya ɗago ya ce, "Na'am." Ta sake kira tana nuna masa tasar, kamar yadda ake lallashin yaro.

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ba kishin an ƙwace mini shi ba, a'a. Abin da ya ci mini rai shi ne yadda ya amsa, da sauƙi, kamar wanda ya saba. Na ce a raina, to in na kai shi gida me zan ba shi? Rami cike da shara, da uwar da in ya shigo sai ta juya masa ƙeya.

Daidai nan aka fito da matar, Amina, da jaririn a hannun wata. Yarinya ce 'yar firit, ba ta gama warwarewa daga jego ba. Ta ɗauki finjali da hannu biyu ta zagayo, ta durƙusa a gabana ta miƙo. Sai ta buɗe baki ta ce, da Hausa, "Inna, ga shayi." Ta faɗe shi a karye, da ji ka san ta kwana biyu tana bitarsa.

Na bar ta a durƙushe. Wallahi na bar ta, har finjalin ya fara kaɗawa, shayin na zuba a yatsunta, ba ta sauke ba. Na hangi Alhaji Isma'ila ya ajiye tsinkayensa. Na hangi yaron nan, bai dube ni ba, bai roƙe ni ba, ya dai runtse ido. A can ƙasa ƙahon mota ya yi kuka. Na san abin da ke cikin finjalin nan sarai: in na sha, ni kaɗai zan koma Kura.

Na fito da hannuwana daga mayafi na karɓa.

Ɗaci! Ba sukari, ba madara, ruwan ganye ne zalla. Na shanye tas, na rasa abin yi, sai na ƙwanƙwasa tebur da yatsu yadda na ga suna yi. Ɗakin ya kaure da murna. Tsohuwar tana dariya tana share hawaye, har 'yan Ɗa'ifa suka saki fuska. Aka ɗora mini jaririn a cinya, aka ce sunan marigayi maigidana aka sa masa. Na ce, "Kai, wannan mijin nawa ba shi da hanci, ba na so, a mai da shi." Kubura ta ce ba za ta fassara wannan ba.

Sannan na yi bismilla na ci. A gaban surukai, a gaban maza, da hannuna. Wanda ya huce ma na ci. Ga masu tambaya: yana da daɗi. Mai jatan landen ya fi, na ganyen kuwa da an ƙara masa yaji da ya kamo alalata. Har ƙafar kazar na tsotsa.

Ƙaho ya sake kuka, Tanko ya miƙe yana cewa, "Yaya, za a bar mu!" Na ce ya tsaya. Ƙulli ɗaya ya rage a kwandon gabana, da ɗuminsa. Na ɗauka na miƙe, na zagaya teburin nan da ƙafata har inda yaron nan yake, na sa masa a tasa. Bakina ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na kira shi da sunansa, na ce ya ci.

Bai ce na'am ba. Ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa.

Sauran duk a gurguje aka yi. Na tura wa Amina tukunyar da kukar, na ce Kubura ta koya mata kaɗa miya, kar ta bari ta yi gudaji. Tsohuwar ta kwance fatar ta shaƙa, ba ta yi tari ba, ta gyaɗa kai irin na wadda ta san abu. Ta ɗauko kwandon gora ɗaya ta cusa mini. Muka sauko a guje, yaron nan yana gaba da kwandon a hannu. Mota ta riga ta fara motsi, shi ya ɗaga ni ya ɗora. Da muka tashi ban juya fuska ba, na dube shi har ƙura ta rufe shi.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar dai ita ce, amma ban yi faɗa da kowa ba, har Tanko yana tambaya ko ba ni da lafiya. A Jinaina na sake ganin tsohon nan Bakatsine, na ba shi dabino, ban tambaye shi yaushe zai ƙarasa ba. Ramin marina na ce a ba ɗan maƙwabcinmu ya kwashe ya yi aiki. Kwandon yana nan, a ciki nake turara alalar gida, wanda ke son gani ya leƙa madafa.

Saura masu cewa, "Hajiya, to ina yaron da kika je ɗaukowa?" Yana Makka, da matarsa da ɗansa, yana cin daddawar Sinawa. Kuma ku daina ce masa yaron. Tanko, me kake kallona? Rubuta. Sunansa Habu.